Kafin Ki Naɗe Gwado

Juma'a, tsakiyar Sha'aban 1312, da hantsi

"Yaya, kafin ki naɗe gwadonki ina ƙofar gidan nan da raƙumi. Sanyi ba zai fita ya bar ki a Damargu ba."

Haka ka faɗa, Yahuza, har kana dafa ƙirji, a gaban Maigari Barmo da matarsa Asibi, kwana kaɗan bayan an kai Malam Zakari makwancinsa. Da kaka muka zo wannan ƙauye na gefen Gangara a ƙasar Damargu, ni da Malam, don ya gai da wansa Barmo mu koma Damagaram. Shi bai koma ba. Ni kuma aka ce in yi takaba a nan. Na san abin da littafi ya ce game da matar da mijinta ya rasu suna kan tafiya, cewa gidanta za ta koma ta yi takaba, amma a lokacin ba ni da ƙarfin gardama, kai kuma kana sauri.

Shekaranjiya na fita takaba. Na yi wanka, na sauya zane, na tsaya bakin ƙofa na dubi hanyar kudu. Jaki ɗaya na gani, da wata tsohuwa mai itace.

Tun da kai ka naɗa sanyi alƙali tsakaninmu, zan riƙa rubuta halin da yake ciki a bayan ragowar takardun Malam, don kada ka zo ka ce ai bai fita ba. Yau man shanun da ke tandu a daskare yake har rana ta hau danga. Ruwan randa yana cizon haƙori. Da gwado na kwana. Yau dai kana da gaskiya.

Asabar, da azahar

Iska daga arewa maso gabas, kamar jiya. Babu kowa a hanya.

Litinin, da la'asar

Iska ta kwanta tun safe. Ƙadangaru sun riga ni fitowa shan hantsi. Gawon da ke bayan gida ya fara zubar da 'ya'ya, awaki suna ta faɗa a ƙarƙashinsa.

Jikin ɗakina akwai wani kewayen laka, a ciki Barmo yake ajiye jiminarsa. Mutanen nan gero da gashin jimina ne arzikinsu. A kama ta tana ƙarama, a gine ta a ciki, a yi ta ba ta dusa da ganye, shekara ta zagayo a fige ta a sayar wa fatake. Wuyanta kaɗai ke leƙowa. Duk sanda na fito duban sama sai mu haɗa ido. Ita ma kudu take kallo, ban san wa ya yi mata alkawari ba.

Asibi ta same ni da alƙalami, ta ce, "Malama Hajjo, me kike rubutawa kullum kina leƙen sama kamar mai jiran a jefo mata wani abu?"

Na ce, "Laifin ƙanena nake rubutawa, Uwargida."

Ta ce, "A sama ya aikata shi? Ku 'yan birni komai naku daban."

Na tambaye ta littattafan Malam. Ta ce Maigari ya kwashe gafakokin ya kai turakarsa saboda gara. A ɗakina babu gara. 

'Yata Raliya tana raina. Ka san cikin fari ne, ka san bayan ƙaramar Sallah ake sa ran sauka. Yarinya takan zo gidan uwarta goyon ciki, ita gidan uwarta babu mai hura wuta a ciki. Wa ke tara mata itacen wankan jego? Kai?

Alhamis, da hantsi

Kwanakin nan ɗumi ne sosai. Man shanu ya saki tun kafin hantsi. Maza sun zauna gindin aduwa sun yanke cewa sanyi ya wuce, gobe za a fara figar jiminu, don ayari yana tafe kuma kowa yana son gashinsa ya riga na wani shiga kaya.

Na ce wa Asibi kada su yi. Ta ce don me? Na ce sanyi bai tafi ba, laɓewa ya yi. Ba wani abin ɓoye ba ne. Duk shekara a Damagaram yakan yi haka, ya ja baya har mutane su saki jiki, sannan ya dawo ya yi sallama da mari. Malam yakan duba lissafin taurari ya ce saura. Ni gwiwata ta hagu ce ke gaya mini, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, abin da ba zan iya faɗa game da 'yan'uwana ba.

Asibi ta tsare Barmo da mita har ya ce a bar tasa. Maƙwabcinsu Manzo ya ce shi ba mace 'yar birni za ta koya masa kiwon jimina ba.

Ka lura, Yahuza, yau ni na yi maka shaida. Na ce sanyi bai fita ba. Haushin kaina nake ji.

Juma'a, da la'asar

Manzo ya fige tasa tas, ya shafe ta da mai. Tana tsaye a kewayenta kamar an tuɓe tsohuwa a kasuwa.

Ni kuma na naɗe gwado, don in ga ko za ka faɗo daga sama.

Lahadi, da asuba

Sanyi ya dawo. Iskar ta zo da ƙarfi ta kwashe zanan makewayi. Na yi rantsuwa a raina ba zan kwance gwadon nan ba, na duƙunƙune cikin zane biyu har haƙorana suka fara magana da junansu. Na kwance shi. Kada ka yi dariya.

Ruwan alwala kamar an sa allura.

Talata, da azahar

Jiminar Manzo ta kwanta jiya, yau da safe an yanka ta kafin ta mutu banza. Matarsa tana kuka kamar an yi mata rashin ɗa, kuma ban ga laifinta ba, abin da za su ci har kaka ke nan. Ta Barmo tana nan da gashinta, tana kallon kudu.

Laraba, da la'asar

Na jawo wa kaina.

Tun safe mata ke shigowa. Wannan da fura, wannan da 'yar aduwa a ƙwarya. Ɗaya ta ce, "Malama, bana ruwa zai yi wuri ko zai makara?" Wata ta ce, "Mu yi binne a gonar tudu ko mu jira?" Binne shi ne su zuba iri a busasshen rairayi kafin ruwan fari. In ruwa ya zo da ƙarfi sun riga kowa, in ya yi yayyafi ya ɗauke iri ya ruɓe, kuma babu wani. Duk shekara da ransu suke wannan caca.

Na ce musu, "Ku ji tsoron Allah. Babu wanda ya san ranar ruwa sai Shi. Ni gwiwata ce ke ciwo."

Matar Manzo ta juya ta ce wa sauran, "Kun ji ko? Haka manyan suke, ba sa yarda."

Da na ƙara musu, sai suka ƙara ladabi.

Asabar, ƙarshen Sha'aban, da hantsi

Barmo da kansa ya yi sallama a ƙofata. Ya zauna kan buzu ya yi ta yabon marigayi, sannan ya zo inda za shi.

Ya ce, "Malama, ai ke tamu ce. Me ake ci a Damagaram da ba mu da shi? Ki zauna ki ga mana damina. Ki ce mana ga ranar binne, shi ke nan. Da kaka ni da kaina zan raka ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yata za ta haihu."

Ya ce, "Allah ya raba lafiya. Ai akwai ungozoma a birni."

Na ce, "Akwai sama a Damargu ma, kowa yana da ido."

Ya yi dariya ya ce bakina irin na malamai ne. Ya ce kuma ai Yahuza ya ce sai sanyi ya fita, ga shi ni da bakina na ce bai fita ba.

Sanyin ya fara sassautawa. Ƙuda na farko ya faɗa mini a tawada.

Talata, ɗaya ga azumi, da la'asar

An ga wata. Rana ta fara nauyi a ka. Na sake naɗe gwado, wannan karon na ɗaure shi da igiya na rataye a tanka.

Alhamis, da azahar

An fige jiminar Barmo. Ba wanda ya taɓa ta sai da aka aiko aka tambaye ni. Na ce ban sani ba, suka ce Malama ta yarda.

Asabar, da la'asar

Ayari ya sauka bakin rijiya jiya, za shi Damagaram. Na yafa mayafi na je na sami madugun. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce shi a rijiyar Maigari yake shayar da raƙuma, a rumbunsa yake awon gero, ba zai ɗauki matar gidansa ba sai da yawunsa, ko kuwa wani namiji nata ya zo.

Wani namiji nata.

Sun tashi da hantsi. Na tsaya har ƙurar raƙuma ta ɓace. Guguwa ƙarama ta taso a fili ta yi rawa ta mutu, ita ce ta farko bana.

Lahadi

Zafi.

Laraba, da hantsi

Asibi ta kashe kunama a ƙarƙashin turmi. A lissafin Malam yanzu ne tauraron da ake kira Sa'adul Ahbiya yake shigowa, lokacin da duk abin da ya ɓuya a rami yake fitowa. Kunama ta fito. Maciji ya bar sawu a bakin rumbu. Tururuwa ta ja layi. Kowa an sallame shi.

Man shanu yanzu ruwa ne, sai na tokare tandu da dutse. Tawada tana kafewa a bakin alƙalami kafin in gama kalma, sai na riƙa ɗiga mata ruwa. Igiyar rijiya an ƙara mata tsawo, takarkarin da ke janta yana kaiwa har gindin magarya kafin guga ya fito.

Na gamu da Barmo a zaure, gumi yana bin gemunsa. Na ce, "Maigari, ina sanyi?" Ya ce, "Wallahi da asuba har yanzu akwai ɗan busawa." Yana faɗa yana fifita da hularsa.

Juma'a, tsakiyar azumi, bayan an sha ruwa

Ɗan Azumi mai koli ya iso daga Damagaram da allurai da kanumfari. Na sayi allurar da ba na buƙata don in tambaye shi.

Ya ce ya ga Raliya a ƙofar gidan surukanta. Ya ce ciki ya yi ƙasa. Ya ce ƙafafunta... Ba zan rubuta wannan ba. Na tambaye shi fuskarta fa, ya ce shi bai duba sosai ba. Ƙarya yake, ya duba.

Ita ƙaramar halitta ce tun tana goye. Uwarmu ma haka take, ka sani, ko da yake kai ba ka san ta ba sai a bakina.

Ya ce ya gan ka a kasuwa. Lafiyarka lau. Ya ce rawaninka sabo ne, mai baƙin shuni, yana ta ƙyalli.

Asabar

Iska ba ta san inda za ta ba. Da safe gabas, da rana tsit.

Litinin, da azahar

Ina tsefe wa Asibi kai a inuwar rumbu, sai ta ce, ba ta juyo ba, "Malama, in na faɗa miki magana za ki ce a sama kika gani?"

Na ce, "Faɗi, Uwargida."

Ta ce ayarin da ya wuce ya tafi da ƙunshin gashin jimina, farare, zaɓaɓɓu, ba na sayarwa ba. Ya tafi da saƙon baki kuma daga Maigari: a gaya wa Yahuza kada ya wahalar da raƙuminsa, Malama ta ce ita sai bayan damina.

Na ci gaba da tsifa. Ta ce, "Wayyo, 'yar birni, kaina ne ba na Maigari ba!"

Shekara nawa ka san ni, Yahuza? Ni na goye ka. Ni na koya maka baƙi da wasali kana kuka kana cin allo. Ka ji an ce na zaɓi zama a ƙauyen jiminu in bar Raliya, kuma ka yarda? Ban ce ka yarda ba. Ban ce komai ba. Na ce dai rawanin yana ƙyalli.

Talata

Jiminar ta buɗe fikafikanta marasa gashi, baki a hangame, tana haki. Na zuba mata ruwan alwalata.

Alhamis, da la'asar

Azumin bana a maƙogwaro yake. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar. Da yamma wani farin gajimare siriri ya bayyana can kudu, bai kai tafin hannu ba, ya narke. Ban gaya wa kowa ba. Amma wata yarinya ta ga ina kallo, kafin magariba gari duka ya san Malama ta ga wani abu. Wani tsoho har ya kwance bakin rumbunsa ya fito da iri.

Na zauna ina tunanin wannan. Kallo kawai na yi, tsoho ya kwance rumbu.

Asabar, goman ƙarshe, da hantsi

Ɗan aiken wani madugu mai suna Ila ya iso. Ayarinsu yana tafe daga arewa, zai yi Sallah a nan ya wuce Damagaram washegari. Kowa ya ce shi ne na ƙarshe mai yin kudu. Bayansa rijiyoyin hanya za su ja baya, sai masu komawa arewa kawai.

Na je na sami Barmo a zaure. Na bari sai da mutane suka watse.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sanyi ya fita?"

Ya ce, "To, Malama, kusan..."

Na ce, "Ya fita. Ina son gafakokin Malam, ina son ka ce wa Ila ya ɗauke ni."

Ya fara zancen damina. Na ce ya dakata.

Na ce, "Na gaya wa matan garin nan ban san ranar ruwa ba, sun ƙi ji, kai kuma ka ji daɗin ƙin jinsu. Ba zan yi musu ƙarya ba, ina tsoron Allah. Ba zan ce ruwa zai zo ba, ba zan ce ba zai zo ba. Amma wuyana nawa ne. Zan je bakin rijiya da hantsi, lokacin da kowace mace tana can da tulunta, in ɗaga kai in dubi sama in daɗe, in girgiza kai, in dawo gida ban ce uffan ba."

Ya daina fifita.

Na ce, "Kai ka san mutanenka. Wa zai sake sayar wa ayari ko mudu ɗaya na gero? Gida nawa za su ɗaure kaya su yi kudu kafin damina? Sai ka yi sarautar jiminu."

Ya ce, "Haba Malama, wannan ai zalunci ne. Talakawa me suka yi miki?"

Nan ya same ni, ban ɓoye ba. Matar Manzo ba ta yi mini komai ba sai fura. Na ce, "Ba su yi mini komai ba. Shi ya sa na zo wurinka tukuna."

Ya ce zai yi shawara. Na ce ya yi da sauri, zafi yana ɓata abu.

Lahadi

Bai aiko ba. Asibi ta ce bai ci sahur ba.

Talata, da azahar

Bai aiko ba. Na wanke zannuwana, kafin in gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe.

Na yi ta juya maganar rijiya a raina. In na girgiza kan nan, tsohon da ya kwance rumbu ba zai yi barci ba har damina. Na roƙi Allah kada Barmo ya kai ni can. Na kuma roƙe Shi kada Ya sa in fasa in ya kai ni.

Laraba, jajibere, da la'asar

Raƙuman Ila sun sauka. Ina jin kukansu daga nan.

Ga hukuncin alƙalinka, Yahuza. Man shanu ya narke. Kunama ta fito. Rijiya ta ja baya. Gawo ya gama zubar da 'ya'ya. Gwado yana rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Sanyi ya fita, ya bar ni a Damargu.

Gobe Sallah in Allah ya kai mu. Jibi Juma'a Ila zai ɗaura kaya da hantsi. Daga yanzu zuwa lokacin da za a ɗora wa raƙumin farko kaya, kana da dama ka bayyana a hanyar kudu, Barmo yana da dama ya ajiye gafakokin Malam a ƙofata ya yi wa Ila magana. Ko ɗaya ya isa.

In babu ko ɗaya, zan je rijiya in yi abin da na ce. Daga can ba zan dawo gidan nan ba. Littattafan su zauna, na haddace abin da zan haddace, gara ta karanta sauran. Ila ya ce ba zai ɗauke ni ba sai da izini, to bai ce zai share sawun raƙumansa ba, kuma ban taɓa jin inda mace ta nemi izini kafin ta taka rairayi ba. Asibi ta cika mini salka, ta daka mini gumba, ta ce in Maigari ya tambaya ita ba ta ga komai ba, idonta na ƙauye ne.

Zan isa in hura wuta a gidana, in ɗauko Raliya, in tara itace. Sai na ga ta sauka, sai na ga ta sha kunun kanwa da hannuna, sannan zan neme ka.

Gwadon zan ɗauka, duk nauyinsa, duk zafin nan. Zan same ka a kasuwa cikin abokanka, da tsakar rana, in kwance shi in yafa maka a kan sabon rawanin. Tun da a wurinka sanyi bai fita ba.